Yadda za ki samu masu cikin da za ki raka naƙuda kyauta kafin a ba ki shaidar zama dula

Kin gama kwas. An koya miki yadda ake danna ƙugun mai naƙuda da tafin hannu, da yadda ake sauya mata kwanciya, da lokacin da ya kamata ki ja bakinki ki yi shiru. Saura abu ɗaya: ki raka wasu mata naƙuda da gaske, a cike miki takardu, sannan a ba ki shaida. A nan ƙannena masu koyon wannan aiki da yawa suke maƙalewa. Na san wadda takardunta suka shekara biyu a durowa, alhali kusan kowane mako ana suna a layinsu.

Dula, ga wadda ba ta saba jin kalmar ba, mace ce da ke zama da mai naƙuda tun daga farko har ta sauka, tana yi mata tausa, tana ba ta ruwa, tana kwantar mata da hankali, tana fayyace mata abin da ma'aikata suka ce. Ba ta karɓar haihuwa, ba ta sa hannu ta gwada buɗewar bakin mahaifa, ba ta allura, ba ta yanke cibiya. Ni a Kaduna nake aiki, kuma na sha kama hannun masu koyo har su cike adadinsu. Abin da na lura shi ne samun mai ciki bai taɓa zama matsala ba. Matsalar ita ce samun haihuwar da za ta ƙirgu, kuma kafin ta ƙirgu sai ƙofa uku sun buɗe miki: ta asibiti, ta matar, da ta mutanen gidanta.

Abin da za ki tanada kafin ki yi wa kowa magana

- Takardun ƙungiyar da ta horar da ke, a buge, kowace kwafi uku, cikin leda mai zif. Ɗakin haihuwa wurin ruwa ne da jini.
- Shaidar kammala kwas da katin shaidarki na ɗan ƙasa.
- Wasiƙar gabatar da kai, shafi ɗaya: ta Turanci don asibiti, ta Hausa don gida.
- Takardar yarjejeniya tsakaninki da mai ciki. Bayaninta na zuwa a mataki na 7.
- Littafin rubutu mai bango mai tauri da biro biyu.
- Layin waya da ba ya mutuwa, da abin ajiyar caji.
- Lambar direbobi biyu da suka yi miki alkawarin fitowa ko ƙarfe 2 na dare ne. Kada ki dogara da keke napep kaɗai. A Kano an hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare a 2022, irin wannan doka kuwa tana iya faɗowa kowane gari.
- Jaka ɗaya a shirye: zani biyu, mafici, ƙaramin tawul, man zaitun ko man kaɗe na tausa, safar hannu, tocila, silifas na roba, ruwa da dabino. Kayan sawarki kada su zama farare, don kada a ɗauke ki nas.
- Rigakafin ciwon hanta nau'in B. Allura uku ce, tana ɗaukar watanni, don haka ki fara da wuri.
- Yardar gidanku. Wannan ne aka fi mantawa. Idan mai gidanki ko mahaifinki bai amince ki fita tsakar dare ba, ko babu mai kwana da yaranki, to ki warware wannan tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Ki fitar da abin da ke sa haihuwa ta ƙirgu

Kowace ƙungiya da nata sharuɗɗan. Ni da DONA International na yi nawa, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 1992. A lokacin suna son haihuwa uku, dukansu bayan kammala kwas, jimillar awa 15 aƙalla kina tare da matan, kin iso kafin naƙuda ta kankama ko tana fara kankama, kuma tiyata ɗaya kawai ake ƙirga miki a cikin ukun. Mai jego za ta cike takarda, ma'aikaciyar lafiyar da ta gan ki ma ta cike. Doula UK ta Ingila, wadda aka kafa a 2001, haihuwa huɗu take so, kina ƙarƙashin wata babba da ke bibiyar aikinki. Sharuɗɗa suna sauyawa, saboda haka ki sauko da na wannan shekarar, ki zauna da biro ki amsa wa kanki: haihuwa nawa? Wa zai sa hannu? Ta gida tana ƙirguwa? Ina wa'adin ya tsaya? Abin da bai fito fili ba ki aika musu ta imel, ki ajiye amsarsu.

Daga nan ki ninka adadin. Idan uku ake so, ki nemi shida ko bakwai. Wata za ta haihu kafin ki iso, wata za ta wuce gidan iyayenta, wata ba za ta kira ki ba sam. Haka abin yake ga kowa.

2. Ki fara da asibiti, kada ki fara da mai ciki

Kuskuren da kusan kowace mai koyo take yi ke nan: ta samu mace, su shaƙu, wata uku ana tare, ranar naƙuda a tsayar da ita a ƙofar ɗakin haihuwa a ce 'yan rakiya su koma benci. Ni ma an yi mini. Shugabar sashen ta amince da baki da rana, dare ya yi, sistar da ke aiki ta ce ita ba ta san da zancen ba. Awa bakwai na yi a kan benci ni da kakar yarinyar, muna jin muryarta ta taga. Haihuwar ba ta ƙirgu ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi mata alkawarin zan kasance kusa da ita.

Ki gane dalilinsu kafin ki ga laifinsu. A yawancin asibitocin gwamnati ɗaki ɗaya ne da gadaje da yawa, labule ne kaɗai tsakani, wani lokacin ma babu. Shigarki na nufin za ki ga tsiraicin wasu matan da ba su gayyace ki ba. Sannan ma'aikata suna tsoron mai ɗaukar hoto da waya, da mai ɗura wa mai naƙuda jiƙo a ɓoye. Idan kika je kin riga kin san waɗannan, kika amsa su tun kafin a tambaye ki, kin ci rabin tafiya.

Ki zaɓi wurare uku ko huɗu kusa da gidanki. A gwajina, ƙananan asibitocin sha-ka-tafi da gidajen haihuwa masu zaman kansu sun fi saurin amincewa. A ƙaramin asibiti sau da yawa ma'aikaciya ɗaya ce take kwana da masu naƙuda biyu ko uku, ta fi kowa sanin darajar wadda za ta riƙe mata guda. Asibitin koyarwa kuwa sai an rubuta wa hukuma, wasiƙar ta bi ofis-ofis, wa'adinki na iya cika kafin amsa ta fito.

Zuwa da kai ya fi aike. Kada ki je da safiyar ranar awo, ba mai sauraronki. Ki je bayan azahar, ki nemi shugabar sashen haihuwa, ki gaishe ta yadda za ki gaida babbar yayarki ko mahaifiyarki, sannan ki ce wani abu kamar haka:

"Mama, ni ɗaliba ce, na yi kwas na rakiyar masu naƙuda. Ba na taɓa aikin ma'aikata ko kaɗan. Ina zama ne wajen kan mace, in yi mata fifita, in danna mata baya, in taya ta bin abin da kuka ce. Wayata tana cikin jaka har in fito, kuma ba na ba ta komai sai da izininku. Na zo neman alfarma ne ki ba ni dama in raka mata kaɗan da suka yarda da kansu."

Idan ta nemi hujja, kina da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta kula da naƙuda ta 2018, ta ba da shawarar a bar kowace mace da wanda ta zaɓa ya zauna da ita. Nazarin 2017 na Cochrane, ƙungiyar masu tace binciken lafiya, wanda ya tattara gwaje-gwaje 26 a kan mata sama da 15,000, ya nuna masu samun rakiya ba yankewa sun fi haihuwa da kansu, tiyata ta ragu a cikinsu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, naƙudarsu ta fi gajarta da kimanin minti 40. Amma ki riƙe wannan a aljihu har sai an tambaya. Matar da ta shekara 25 tana karɓar haihuwa ba ta son yarinya ta zo tana yi mata karatu.

Kafin ki tashi ki tabbatar da abu uku: za a bar ki ciki har a haihu ko iya ɗakin jira? Wa zai sa hannu a takardarki? Ta yaya masu aikin dare za su sani? Ki roƙe ta ta rubuta "na amince" a ƙasan wasiƙarki da sa hannu da hatimi, ki yi kwafi, ɗaya a jakarki, ɗaya a manna a ofishin ma'aikata.

Idan ta yi jinkirin amsa, ki nemi izinin zuwa taya su ranar awo na wasu makonni: jera benci, kiran kati, raka mai jiri ta zauna. Fuskar da aka saba gani ba a tsayar da ita a ƙofa. Idan kuma asibitin yana barin 'yar rakiya guda ɗaya ta shiga, mai cikin tana iya zaɓar ki a wannan gurbin. Sai dai kada ki ce ke ƙanwarta ce. Wa zai cike wa ƙanwar mai jego takardar tantancewa?

3. Ki iya faɗin aikinki cikin numfashi ɗaya

Kalmar dula ba ta gaya wa kowa komai a nan. Idan kika ce ungozoma kuma kin yi ƙarya, kin kuma jawo wa kanki rigima, domin a Najeriya aikin ungozomar asibiti sai da rajistar hukumar nas-nas da ungozomomi, shaidar dula kuwa ba lasisi ba ce. Ni cewa nake yi: "Ina zama da mai naƙuda ne don kada a bar ta ita kaɗai. Ma'aikata suna karɓar haihuwa, ni ina kula da ita." Ki ƙara da cewa koyo kike yi, kuma shi ya sa kyauta ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda ta ɓoye ɗalibcinta za ta rasa bakin fito da takarda daga baya.

4. Inda matan suke

Ki fara tambayar kanki wace mace ce take bukatarki. Wadda ke zaune kusa da mahaifiyarta da gwaggonni uku da yayye biyu tana da 'yan rakiya har sun yi mata yawa. Ki nemi baƙuwa a gari: matar ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, matar soja ko ɗan sanda da ke zaune a gidajen ma'aikata, ɗaliba mai aure, wadda mijinta direban doguwar tafiya ne, wadda mahaifiyarta ta rasu. Sai kuma wadda ta sha wuya a haihuwar baya, tana jin watanta ya kusa gabanta na faɗuwa. Waɗannan ba sai kin lallashe su ba.

Ranar awo ita ce babbar kasuwa. Kafin a fara gwaji akan yi wa mata jawabin lafiya suna zaune a benci. Ki nemi minti biyar a ƙarshensa. Kada ki ce mai so ta ɗaga hannu, babu wadda za ta ɗaga a gaban jama'a. Ki raba 'yar takarda mai sunanki da lambarki ga kowa da kowa, ki ce wadda take da tambaya ta kira ko ta turo saƙon murya, sannan ki ɗan tsaya a waje ƙarƙashin inuwa. Masu zuwa za su zo ɗaya-ɗaya, galibi da wata tambayar daban a baki.

Bayan awo sai Islamiyyar matan aure, ta hannun malama. Ki bar ta ita ta yi sanarwar. Maganarta ta fi taki nauyi sau goma. Sai mai kitso da mai lalle da telar da ke ɗinka rigunan ciki, waɗanda suke sanin mai ciki tun kafin danginta su sani. Ki bar musu takardarki, amma ki ce su miƙa kawai, kada su ba ki sunan kowa. Mata da yawa suna ɓoye ciki saboda kunya ko tsoron baki. Ranar da kika kira wata kika ce "an ce mini kina da ciki", kin rasa ta, kin rasa mai kitson, kin ɓata sunanki a layin.

Ungozomar gargajiyar unguwa ma ki kai mata gaisuwa da ɗan goro ko sabulu. Idan ta ɗauke ki kishiya za ta rufe miki gidaje ashirin ba tare da ta ɗaga murya ba. Idan ta gane ba haihuwa kike karɓa ba, ita da kanta za ta nuna miki wadda aka ce lallai ta haihu a asibiti kuma ba ta da mai raka ta.

A waya kuwa, saƙon murya na ƙasa da minti ɗaya a zauren WhatsApp na matan unguwa ko na iyayen yara, da izinin mai kula da zauren, ya fi komai kawo mini mutane. Sanarwa a Facebook tana tara yabo daga Legas da Landan da saƙonnin maza masu tambayoyin banza. Idan za ki yi, ki faɗi gari da watannin da kike nema, kada ki sa adireshin gidanki, kuma haɗuwar farko ta kasance a asibiti ranar awo.

5. Wadda za ki karɓa da wadda za ki ba haƙuri

Tambayar farko: a ina za ki haihu? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 ne kacal. Ke nan da yawa daga masu zuwa awo a ɗaka suke da niyyar sauka. Ka'idata ita ce ba na halartar haihuwar gida idan babu ƙwararriyar ma'aikaciya a wurin, kuma ina hana ɗalibaina. Ba don takarda kaɗai ba. Idan jini ya ɓalle, duk ɗakin ke za su juyo su kalla, domin ke ce mai jaka da kwas, alhali ba ki da abin tsayar da shi.

Tambaya ta biyu: za ki tafi goyon ciki? Mai cikin fari sau da yawa gidan iyayenta take komawa a watan bakwai ko takwas. Idan gidan a Zariya yake ke kina Kaduna, ki yi mata fatan alheri ki wuce.

Sauran a taƙaice. Wadda tsakaninku ya fi tafiyar minti 40 da dare, ki bar ta. Kada ki karɓi biyu masu lissafin mako ɗaya sai in kina da abokiyar aikin da za ta tsaya miki. Wadda aka riga aka sa wa ranar tiyata tana bukatar rakiya ƙwarai, amma ki san ko tana cikin adadinki. 'Yar'uwarki ta jini kuwa, ki raka ta don zumunci, sai dai ki sani ganin ciwon naki yana ɗauke hankali fiye da yadda kike zato. Ba na so ta zama gwajinki na farko.

6. Zama da mai gida da iyaye

Yardar matar ita ce tushe, amma ita kaɗai ba ta kai ki ɗakin haihuwa. Ki ce ta fara sanar da mai gidanta da kanta, sannan ki je gidan lokacin da yake nan. Tambayarsa biyu ce kusan kullum: nawa ne, kuma me za ki samu? Mutanenmu sun san banza ba ta kai zomo kasuwa, saboda haka ki faɗi ribarki a fili: "Ranka ya daɗe, ba ko sisi. Ni abin da nake samu shi ne takardar da za ta cike mini bayan ta sauka lafiya, da ita za a ba ni shaida." Da ya ji akwai abin da kike nema, hankalinsa ya kwanta.

Tun da kin same shi a zaune, ki ci gajiyar zaman. Ki roƙe shi ya faɗa a gaban kowa cewa idan naƙuda ta zo ba ya nan, a tafi asibiti ba sai an jira shi ba. Ki tambaya wace mota za a shiga, kuɗin asibiti yana hannun wa, wa zai ba da jini idan an nema. Jiran izini da neman mota sun sha jawo doguwar naƙuda da ta ƙare a yoyon fitsari ko abin da ya fi shi muni.

Uwar miji ko mahaifiyarta ita ce jarrabawa ta gaske. Za ki ji: "Mu da muka haifi goma a ɗaka, wa ya riƙe mana hannu?" Kada ki kawo mata Hukumar Lafiya ta Duniya. Ki ce, "Hajiya, ai ku ne iyaye, ni 'yar aike ce. Inda ba za a bar ku ku shiga ba ni zan shiga, in riƙa fito muku da labari. Wanka da kunu da komai na jego kuma naku ne, ni ma koyo zan yi a wurinku." Kuma ki cika wannan alkawarin ranar, ki riƙa leƙowa benci kina gaya mata halin da ake ciki.

Addu'a da tofi ba na shiga tsakaninsu da kowa. Amma jiƙon saurin naƙuda nakan faɗa tun a wannan zaman cewa idan an ba ta, zan gaya wa ma'aikata, domin su san abin da ke cikinta kafin su ƙara mata ruwan naƙuda. Gara su ji haushina yau da su ce na ci amanarsu gobe.

7. Yarjejeniya da maganar kuɗi

Shafi ɗaya ya isa. Ki rubuta abin da za ki yi da abin da ba za ki yi ba, makonnin da za ki zauna a shirye, sunan wadda za ta maye gurbinki, cewa tana iya fasawa ko korar ki daga ɗakin a kowane lokaci, da cewa za ki aika bayanin haihuwarta ga ƙungiyarki. Ki gaya mata ainihin abin da zai fita da wanda zai gani. Ba hoto, ba labari a intanet ko da kin sakaya suna. A unguwa ɗaya sakaya suna ba ya ɓoye kowa.

Idan ba ta karatun boko, wani nata ya karanta mata a gabanki, ta dangwala yatsa. Kuɗin mota kuma ku yanke shi yanzu. Ni nakan ɗauki nawa, sai in dare ya yi in ce motar da za ta kai ta ta biyo ta ɗauke ni. Naman suna da ɗan turmi idan an ba ki ki karɓa da godiya, ƙin karɓa cin fuska ne.

8. Makonnin jira

Ki ziyarce ta aƙalla sau biyu kafin watanta ya tsaya, ku gwada tausa da numfashi tare, ki duba kayan haihuwarta da jerin da asibiti ya bayar. Daga mako na 37 zuwa na 42 wayarki ba ta mutuwa, ba kya barin gari, biki ma da jakarki kike zuwa. Ranar da aka rubuta a katin awo ƙiyasi ce, 'yan kaɗan ne suke haihuwa a cikinta daidai.

Mafi yawan haihuwar da ke kuɓuce wa masu koyo, rashin kira ne. Mai cikin fari kunya take hana ta faɗa, tana cije leɓe tana shara har sai abu ya kai maƙura. Mai haihuwa ta biyar kuwa gani take da saura, sai ga kai. Ki ce mata: da zarar ciwon mara da baya ya fara zuwa yana tafiya, ko faya ta fashe, ko ta ga majina da jini-jini, ta kira, ko da ƙarya ce. Ki nanata cewa kiran banza sau uku bai dame ki ba. Ki sa lambarki a wayar mijinta da ta maƙwabciyarta, ki rubuta ta a bangon katin awo.

Amma idan jini ne yake zuba, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jijjiga, ko zazzaɓi, ko yaro ya rage motsi, ko ruwan faya ya fito kore, asibiti za su nufa kai tsaye, su kira ki a hanya. Kada a taɓa jiran ki.

9. Ranar naƙuda

Kina isa ki gaida sistar da ke aiki kafin ki ƙarasa wajen gado, ki nuna mata wasiƙar mai hatimi, ki gaya mata tun yanzu cewa akwai 'yar takarda da za ki roƙe ta ta cike a ƙarshe. Ki rubuta lokacin isowarki, buɗewar da ita ta faɗa, da lokacin haihuwa. Awa 14 ba barci tana goge lissafi daga kai.

Za ki iya jin an daka wa matar tsawa, wani wurin har da duka a cinya. Wannan ba daidai ba ne, kuma zuciyarki za ta tafasa. Idan kika yi musu a nan za a fitar da ke, ta rasa ki a lokacin da ta fi bukatarki. Ki matso kusa da kunnenta, ki maimaita umarnin cikin taushi, ki ce, "Sista, bari in taya ki yi mata bayani." Bayan komai ya lafa ki tambayi mai jegon ko tana so a kai maganar ga shugabar sashen, ki raka ta idan tana so.

Sa hannu kuma lokacinsa ɗan ƙanƙani ne: bayan mabiyiya ta fita, an gama ɗinki, an gyara uwa da ɗa, amma kafin masu aikin dare su miƙa aiki da safe. Idan ta tafi kina iya mako biyu kina bin ta. Ki tabbatar ta rubuta cikakken suna da muƙami da kwanan wata.

10. Bayan an sauka

Ki je barka washegari hannunki ba takarda. Takardar mai jego ki kai ta kwana na uku ko na huɗu, kafin gida ya cika da 'yan suna. Ki ce ta rubuta gaskiya ko ba daɗi, ki fita tsakar gida ki ba ta wuri. Idan da Turanci take kuma ba ta ji, wani ne zai fassara mata, ba ke ba. A ranar ki ɗauki hoton kowace takarda ki tura wa kanki ta imel.

Ranar suna ki je, ki zauna cikin mata. A nan ake tambayar mai jego yadda ta sha, a nan ita ko uwar mijinta za su nuna ki da baki. Mace ta uku da na raka, surukar ta farko ce ta kawo mini ita har gida, matar nan da ta tambaye ni wa ya riƙe musu hannu.

Idan kuma abin ya zo da ƙaddara, ɗan bai zo da rai ba ko uwar tana kwance, ki ninke takardarki ki mayar jaka. Ki je ta'aziyya ko dubiya, ki koma bayan mako biyu lokacin da mutane suka ja jiki, ki kuma nemi babbar da ke bibiyar aikinki ki faɗa mata abin da kika gani, kada ki haɗiye shi ke kaɗai.

Tun da shida ko bakwai kika nema, wataƙila adadinki zai cika saura biyu ba su haihu ba. Ki aika takardunki, amma jakar ta ci gaba da zama a bakin ƙofa da wayar a kunne har su ma su sauka, a kan kyautar da kika faɗa wa mazajensu tun farko.